Injin faifan Amiga 500 ya gaji: a gyara shi, a dasa na PC, a sa Gotek, ko a koma katin memori?

Duk wanda ya taɓa zama da Amiga 500 ya san ƙarar nan: ƙas, shiru, ƙas, shiru, injin faifai yana laluben ko an saka masa wani abu. Tawa da na saya ta hannu daga Ingila ta iso tana wannan ƙarar lafiya ƙalau. Hoton hannun nan mai riƙe da faifai ya fito a talabijin, na tura faifan Workbench 1.3, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta yi gurnani sau uku, ta dawo mini da hoton hannun. Na canza faifai, haka dai. Cikin goma sha biyu da suka zo a kwalin, biyu kacal ta karanta.

Ba abin mamaki ba ne. Kamfanin Commodore ya fitar da wannan kwamfuta a 1987, ya durƙushe a 1994, Sony kuma ya daina buga faifan fulofi a watan Maris na 2011. Injin ya haura shekara talatin, faifan ma haka. Mai irin wannan kwamfuta yana da hanya huɗu a gabansa, kuma na taɓa uku daga ciki da hannuna. Kusan duk abin da zan faɗa ya shafi ƙannenta Amiga A600 da A1200 ma, sai inda na ware.

Dalilin da ya sa ba kowane inji ke shiga ba

Faifan Amiga da na PC kamarsu ɗaya a ido, inci uku da rabi, amma rubutun ciki ya bambanta. PC na zuba gida 9 a kowane zobe, ya tashi KB 720. Amiga na zuba gida 11, kowane gida bayit 512, zobe 80 a kowace fuska, ya tashi KB 880. Tana iya haka ne saboda aisin da ake kira Paula yana kwaso zoben gaba ɗaya lokaci guda, ba ya buƙatar tazarar da PC ke bari tsakanin gida da gida.

Saboda haka kada ka sayi injin fulofi mai wayar USB da nufin karanta faifan Amiga. Aisin da ke cikinsa tsarin PC kaɗai ya sani, 720 da 1,440. Kuɗinka zai tafi a banza.

Bambanci na biyu yana jikin faffaɗar wayar nan mai ƙafa 34. A Amiga, ƙafa ta 2 ce ke sanar da cewa an canza faifai, ta 34 kuma ke cewa inji ya shirya. A PC sanarwar canza faifai tana ƙafa ta 34, siginar shiri kuwa babu ita ma. Sannan injin PC yana amsa kira ne ta ƙafa ta 12, Amiga kuma ta ƙafa ta 10 take kiran injinta na ciki, wanda take ce wa DF0. Waɗannan ƙafafu su ne tushen duk wahalar da za ka ji a ƙasa.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Kuɗi, har da na aikowa, domin a wajenmu sau da yawa kuɗin jirgi da na kwastan kan kamo kuɗin kayan. Ƙarko, musamman ga wanda ke zaune inda ƙurar hunturu da laimar damina ke karɓa-karɓa. Sauƙin dasawa: sukundireba kaɗai, ko sai an narka dalma? Haɗari ga kwamfutar da kuma tsofaffin faifai. Na ƙara biyu da ba a cika ambata ba: ko tsofaffin wasanni da manhajoji za su tashi yadda aka san su, da kuma sauri. Farashin da zan ambata kimantawa ce ta kasuwannin Turai da na intanet, kuma yana motsi.

Na farko: gyara injin asali

Yawancin A500 sun zo da Chinon FB-354, wasu da na Panasonic. Abin da ke kashe su bai cika wuce huɗu ba: datti a kan kawunan karatu biyu, giris da ya daskare a kan dogon ƙarfen nan mai zare da ke tura kan gaba da baya, 'yan ƙananan makunnai da ke gane an saka faifai sun yi tsatsa, ko kafasita ta zubar da ruwa a fanel.

Nawa na buɗe a kan tabarma da rana, don in ga komai. Giris ɗin ya koma kamar busasshen ƙaro. Na goge shi, na sa sabo kaɗan, na jiƙa auduga a tsinke da sipirit mai ƙarfi na shafa kawunan a hankali. Audugar ta fito da launin ƙasa-ƙasa. Da na mayar, faifai tara suka tashi. Ukun da suka ƙi, da na ja murfin ƙarfensu na haska da tocila, sai ga fararen ɗigo-ɗigo na fumfuna a kan baƙar ledar.

Kuɗin wannan aiki bai taka kara ya karya ba in gogewa ce kawai. In sai an sayo wanda aka riga aka gyara, a ware kimanin dala 40 zuwa 70. Wajen dacewa babu kamarsa, domin don shi aka rubuta komai, har wasannin da ke da kariyar hana kwafi. Haɗarin biyu ne. Kada ka ɗaga kan sama da ƙarfi, ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe shi yana lanƙwashewa. Kuma kada ka kwance ƙusoshin da ke riƙe motar da ke tura kan, domin in saitin ya goce, injin zai riƙa karanta abin da ya rubuta da kansa kaɗai, ya ƙi na kowa. Ƙarko kuwa, gaskiya tsoho tsoho ne. Ko injin ya warke, faifan na ci gaba da mutuwa, kuma faifai ɗaya mai fumfuna ya isa ya sake ɓata kawunan da ka wanke. In ka ji faifai na ƙara kamar ana goga ƙusa a kwano, fitar da shi nan take.

Na biyu: dasa injin PC

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan hankalin mai ƙaramin ƙarfi, don tsofaffin injinan PC na nan jibge a shagunan masu gyaran kwamfuta, wani ma kyauta zai ba ka. Samsung SFD-321B, Sony MPF920 da Teac FD-235 na cikin waɗanda aka fi juyawa. Sun fi na Amiga ƙuruciya da shekara goma ko fiye, wannan riba ce.

Aikin shi ne gyara ƙafafun da na ambata: a mayar da amsa kira daga ta 12 zuwa ta 10, a ɗauke sanarwar canza faifai daga ta 34 a kai ta 2, sannan a samar wa ta 34 siginar shiri. A wasu injinan akwai wurin da aka tanada a fanel, ɗigon dalma ɗaya ya wadatar. A wasu sai an yanke layin tagulla an ja siririyar waya daga ƙafar aisi. Abin haushi, lambar inji ɗaya na iya zuwa da fanel kala uku ko huɗu, hoton da ka samu na wani bai yi daidai da naka ba.

Siginar shirin nan ita ke raba aiki mai kyau da na jeka-na-yi-ka. Workbench bai cika damuwa da ita ba, zai tashi, ka ɗauka ka gama. Amma wasanni da dama da ke da tsarin lodinsu na kansu suna tsayawa su jira ta, allo ya yi baƙi, ka yi ta zargin faifai. Wasu na sa dayod tsakanin ƙafa ta 10 da ta 34 su yaudari kwamfutar. Yana aiki a mafi yawan lokuta, sai dai ya kan ce an shirya tun mota ba ta kai gudunta ba. Wanda ba ya son dalma zai iya sayen ɗan adafta da ake maƙalawa tsakanin waya da inji.

Kada ka sa rai da samun faifai mai ninki biyu. Paula ba ta iya bin gudun irin wannan faifai, wanda ake kira HD. Commodore da kansa, da ya sa injin KB 1,760 a A4000, sai da ya rage gudun juyawarsa daga 300 zuwa 150 a minti. Injin PC ɗinka zai zama na 880 ne kawai, kuma in ka saka faifan HD sai ka liƙe ramin gefen da salatif, ko ka kashe makunnin da ke gane shi. Ko da hakan, rubutun DD, wato na 880, a kan faifan HD ba abin dogaro ba ne, maganaɗisun nasu ba iri ɗaya ba ne. Akwai kuma matsalar maɓallin fitar da faifai: na PC ba ya daidaita da ramin gefen A500, sai an sassaƙa ko an buga sabo na roba.

Arha ne, amma shi ya fi cin lokaci, kuma bayan duk wahalar kana nan dai kana neman faifan da aka daina bugawa.

Na uku: Gotek

Gotek ɗan akwati ne mai girman injin fulofi, mai ramin filashi a gaba. Asali an yi shi ne don injinan masana'antu, injin surfani na kwamfuta da fiyano irin su Yamaha da Korg masu cin fulofi. Manhajar da yake zuwa da ita daga kamfani ba ta san Amiga ba, sai an sauya ta. Wadda aka fi amfani da ita yanzu ita ce FlashFloppy ta Keir Fraser, kyauta ce. Akwai kuma HxC ta Jean-François Del Nero.

Da zarar an sauya, sai ka tsara filashi a FAT32, ka zuba fayilolin ADF, kowanne hoton faifai guda ne mai bayit 901,120. Filashin GB 1 zai ɗauki sama da dubu. Ka sa 'yar jamfa a kan ƙafafun da aka rubuta wa S0, ka haɗa wayoyi biyu, shi ke nan. Kwamfutar ba ta san an canza mata komai ba, siginar shiri da ta canza faifai duk suna fita daidai.

Wurin saye a lura da aisin ciki. Na da suna da STM32F105. Da aka shiga ƙarancin aisi a 2021 sai kamfanin ya koma na Artery: AT32F415, wanda memorinsa kaɗan ne, daga baya AT32F435, wanda ya fi su duka. Nemi mai 435. Wanda ba a taɓa ba yana kamawa daga dala 20 zuwa 35, wanda aka riga aka sa wa FlashFloppy da ɗan allon rubutu da maɓallin murɗawa kuma 40 zuwa 60. Ƙarin kuɗin ya cancanta. Mai lamba uku kawai a fuska zai sa ka riƙe takarda kana duba wane wasa ne 047.

Ƙarko: babu abin da ke juyawa a ciki, ƙura da laima ba su da abin ci. Haɗarinsa ɗaya ne mai tsanani, 'yar wayar wuta mai ƙafa huɗu. Ƙafa ɗaya na ɗauke da bolt 5, wata 12. Gotek 5 kawai yake sha. In ka juya filogin ko ka goce da ƙafa ɗaya, 12 ta shiga inda 5 take, ya ƙone kafin ka ƙifta ido. Faffaɗar wayar kuwa in ta juya, yawanci ƙin aiki kawai zai yi.

Abu biyu ake yawan ruɗuwa a kansu. Na ɗaya, Gotek ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Yana kwaikwayon faifai mai juyi 300 a minti, wato zobe ɗaya mai bayit 5,632 a kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, abin da bai wuce KB 28 a daƙiƙa ba a mafi kyawun hali. Monkey Island 2 da ya zo a faifai 11 zai ci gaba da neman ka canza faifai, sai dai yanzu murɗawa kake yi maimakon lalube a kwali. Na biyu, ADF ba ya ɗaukar kariyar hana kwafi. Faifan asali mai irin wannan kariya sai an adana shi a tsarin HFE, wanda ke kwafe yanayin maganaɗisun kansa.

Sai maganar inda za a ajiye shi, kuma nan nake da ra'ayi mai zafi. Na ga hotunan A500 da aka fafe wa murfi da zarto don allon Gotek ya leƙo. Robar nan ba a sake yin ta asali, in ka yanka ka yanka ke nan. Akwai mazaunin roba da ake bugawa wanda ke sa filashi ya fito ta ramin faifai, allon kuma ya zauna a kan ramukan iska ba tare da yanka ba. Abin da na fi so ma shi ne a bar injin asali a ciki, a sa Gotek a waje ta ramin baya mai ƙafa 23. Matsalar ita ce Kickstart 1.3, manhajar da ke tayar da kwamfutar, cikin injinan faifai daga DF0 kaɗai yake tashi, wasanni da yawa ma DF0 suka sani. Maganinta ɗan makunnin musanya ne da ake dasawa ƙarƙashin ɗaya daga aisin CIA 8520, wanda ke mai da na waje ya zama na ciki. Aisin a soket yake, babu dalma, amma a ɗaga shi a hankali daga gefe biyu don kada ƙafa ta karye.

Na huɗu: katin memori a matsayin rumbu (hard disk)

Ukun farko duk fulofi ne ko kwaikwayonsa. Wannan fita ce daga fulofi gaba ɗaya, kuma ita kaɗai ke kawo sauri.

Mai A600 ko A1200, waɗanda suka fito a 1992, ya huta: suna da ramin IDE na haɗa rumbu mai ƙafa 44 a ciki, katin CompactFlash kuma yana jin yaren IDE, adaftan 'yan daloli ya wadatar. A500 ba ta da wannan rami, sai an ƙara mata.

ACA500plus na kamfanin Individual Computers da ke Jamus ana soka shi ne a ramin gefen hagu, ko buɗe kwamfuta ba a yi. Yana da ramin CF biyu, memori MB 8, da Kickstart 1.3 da 3.1 a cikinsa. Rami na biyun yana karanta katin da aka tsara a PC, don haka kwaso fayil ya zama wasa. Ya haura Yuro 100 nesa ba kusa ba, kuma ba kullum ake samunsa ba.

PiStorm na Claude Schwarz dabara ce daban: a cire Motorola 68000 daga soket, a sa fanel ɗin da ke ɗauke da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, Pi ɗin ya zama shi ne ƙwaƙwalwar, katin microSD ya zama rumbu. Da manhajar Emu68 ta Michal Schulz gudun yana wuce duk Amigar da Commodore ya taɓa ƙerawa. Sai dai aisi mai ƙafa 64 za ka ɓamɓare, saitin yana son haƙuri, wasu tsofaffin wasanni kuma gudun yana rikita su. Ni a ganina daga nan kwamfutar ta zama Pi sanye da rigar Amiga, amma masu sonsa suna da hujjarsu.

Wanda ya gaji A590, akwatin gefe na Commodore mai rumbun MB 20, ko na GVP, yana iya cire mataccen rumbun ya sa BlueSCSI ko ZuluSCSI, masu cin katin SD.

Wasannin da aka yi don fulofi ba sa tashi daga rumbu haka kawai. WHDLoad na Bert Jahn ne ke yi musu dabara, kuma yana son Kickstart 2.0 ko sama da ƙarin memori. Kickstart 1.2 ma ba ya tashi daga rumbu sam. A Kickstart 3.1 kada sashen farko ya wuce GB 2, kuma duk sassan su tsaya ƙasa da GB 4, in ba haka ba rubutu na iya zagayowa ya taka farkon katin. AmigaOS 3.1.4 na 2018 da 3.2 na 2021 sun cire wannan iyaka.

Haɗarin da ya fi shafar mu shi ne ɗaukewar wuta. In ta tafi ana tsakiyar rubutu, Amiga za ta tashi tana ƙoƙarin tantance rumbun, wani lokaci ta kasa, ta hana rubutu gaba ɗaya. Ka ajiye kwafin katin a PC, ka sa ƙaramin UPS. Tsohuwar tiransifomar A500 ma a auna ta da mita kafin a ɗora mata ƙarin kaya, kuma in daga Amurka ta zo, ta bolt 110 ce.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Dasawa | Babban haɗari | Sauri |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyara na asali | Kusan kyauta, ko dala 40–70 | Matsakaici | Sukundireba da sipirit | Gocewar saiti, fumfuna | Na fulofi |
| Injin PC | Mafi arha | Ya ɗan fi na asali | Dalma, ko adafta | Rashin siginar shiri | Na fulofi |
| Gotek | Dala 20–60 | Sosai | Waya biyu da jamfa | Juya filogin wuta | Na fulofi |
| ACA500plus | Sama da Yuro 100 | Sosai | Sokawa a gefe | Ɗaukewar wuta | Mai yawa |
| PiStorm | Fanel da Pi da kati | Mai kyau | Cire 68000, dogon saiti | Karya ƙafa, rikicewar wasu wasanni | Mafi yawa |

Akwai na'ura ɗaya da ba ta cikin teburin domin ba a jikin Amiga ake sa ta ba: Greaseweazle, ita ma ta Keir Fraser. Ana haɗa ta tsakanin PC na zamani da injin fulofin PC wanda ba a taɓa shi ba, ta karanta maganaɗisun kai tsaye, ta fitar da ADF ko HFE. Tana kuma rubuta ADF a kan faifai na gaske. Kuɗinta kusan na Gotek ne. Da ita na ceto biyu daga faifan nan uku masu fumfuna bayan na wanke su da sipirit. Ɗaya zanen yara ne da aka yi da Deluxe Paint, jirgin ruwa da rana mai murmushi. Na ukun ledar ta riga ta kwaile.

Wa ya dace da wane

In kana da kwalin faifai masu abin da babu shi a wani wuri, wasiƙu, zane, kiɗan da wani ya haɗa, fara da Greaseweazle da injin PC mai tsabta, kafin ka yanke shawarar komai. Kowane karatu a kan datti yana rage musu kwana.

In wasa kake so ka yi da yamma ba tare da ciwon kai ba, Gotek mai 435 da allo. Shi zan ba mutum tara cikin goma.

In kana son kwamfutar ta zauna yadda ta fito, da ƙararta da komai, wanke na asali, ka ƙara Gotek a waje da makunnin musanya. Haka tawa take yanzu.

Injin PC na wanda dalma ba ta ba shi tsoro ne, wanda na asalinsa ya mutu murus, kuma aikowa daga waje ta yi masa tsada. Ya tabbata ya samo hoton fanel irin nasa sak kafin ya yanke layi.

In aiki za ka yi, zane, kiɗa ko rubuta manhaja, ko kuma canza faifai goma sha ɗaya ya ishe ka, sai rumbu: adaftan CF ga mai A600 da A1200, ACA500plus ga mai A500 da ba ya son buɗe ta, PiStorm ga mai son gudu da gwaje-gwaje. Ko a nan ka bar wani abu a DF0, don ranar da katin ya ƙi tashi ta nan za ka shiga ka gyara.

Kowanne ka zaɓa, tunda ka juya kwamfutar, buɗe ƙaramar ƙofar da ke ƙasanta. In akwai katin ƙarin memori A501, cikin gwangwaninsa akwai batir mai kamar ganga da ke zubar da ruwa yana cin tagulla. Cire shi a ranar.